Kwana Goma Sha Biyu A Ɗakin Amarya

Kafin wata ta ɗauki waya ta rubuto mini cewa ba ni da lissafi, ta yi haƙuri, na riga ta faɗa wa kaina. Sunana Amatullah, a Funtuwa aka haife ni, shekaruna ashirin da uku, kuma ni ce wadda ta je gidan ƙawarta amarya da niyyar kwana biyu, ta miƙe ƙafa har kwana goma sha biyu. Ku dai bari in gama, sannan kowa ya yanke mini hukuncinsa.

Mahadi ne silar tafiyar. A bikin Najiba muka haɗu, ni babbar ƙawar amarya, shi babban abokin ango. Shagon iri da taki gare shi a bakin kasuwa, dogo ne baƙi, idan yana magana sai ka matso za ka ji abin da yake cewa. Ina son shi, wannan kada ma ku tambaya. Amma ranar da Baffansa ya kawo goron tambaya gidanmu, Abba ya kira ni falonsa ya ce, "Amatu, ba zan raba goron nan ba sai na ji daga bakinki. Ki yi shawara da zuciyarki. Sai dai ki sani, goro ba ya jira, mutane ma haka."

Yayata Adama wata takwas ta yi a gidan miji aka dawo mana da ita, ni na taya sauke kwanukanta daga a-kori-kura, wasu ko takardar jikinsu ba a ɓare ba. Tun ranar nake jin kalmar aure kamar an ce in tsallaka rijiya. Ga Umma safe da yamma: "Sa'anninki duk suna ɗakunansu, ke kina nan kina shanya mutum kamar wanki."

Shi ne na ce bari in je wajen Najiba, in ga aure da idona. Ita wata biyar ke nan, kuma auren soyayya ta yi. In na ga tana cikin daɗi, in dawo in ce wa Abba a raba goro.

"Kwana nawa?" in ji Umma, tana kallon yadda nake danna atamfofi cikin jaka.

"Biyu kacal."

"Biyu ne har da leshi da takalma uku? Amatu, baƙo raɓa ne. Rana na ɗagawa yake kama gabansa."

Na ce to, ban ma ji ta ba.

Ƙauyen su Najiba yana bayan Maska, sai an sauka a mota an hau acaɓa. Lokacin kaka ne, ko'ina masara a shanye, rufin ɗakuna ya yi ja da barkono. Najiba ta fito da gudu cikin doguwar riga ruwan ganye, muka rungume juna muna ihu kamar a makarantar kwana. Ɗakinta ciki da falo, labule ruwan zuma, turaren wuta ya kama ko'ina, gadon nan ya sha shimfiɗa da filo huɗu masu rigar fure-fure, waɗanda ni da ita muka zaɓa a kasuwar Funtuwa bayan mun wahalar da mai shago. Surukarta, Inna Tsohuwa, ta sa aka yanka mini zakara. Angon, Mannir, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ƙawar amarya, sannu da hanya," kansa a ƙasa, ya juya.

Bayan magariba Inna ta leƙo. Ƙaramar mace ce, bakinta ja da goro, idanunta kamar suna dariya ko ba ta yi ba.

"'Yar nan, ɗauko jakarki mu je ɗakina. Gadona da faɗi, ki taya tsohuwa hira."

Ni kuwa da rawar kai na ce, "Ai Inna ƙafata ƙafar Najiba. Shekara shida muna makaranta, ita a sama ni a ƙasa. Yau sai mun rama hirar wata biyar."

Inna ta kalli Najiba. Najiba ta kalli ledar ɗaki.

"To madalla," in ji Inna, ta saki labule.

Na tuna na tambayi Najiba, shi angon fa? Ta ce, "Yana da wajensa, kar ki damu." Ban kuwa damu ba. A gidanmu Abba yana da turakarsa, na ɗauka kowane gida haka yake.

Kwana ukun farko, 'yan uwa, na sha gata. Fura da nono mai sanyi, gasasshiyar masara, dambun zogale. Muka yi wa juna lalle, muka yi gulmar duk wadda muka sani tun aji ɗaya. Rana ta huɗu da safe na fito wanka, sai na tarar da Inna ta ajiye baƙar leda a jikin jakata. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, dakakken yaji.

"Ga ɗan abin miya nan, ba yawa," ta ce.

Ku da kuka tashi gaban kakanni kun riga kun gane. Tsaraba ce. Idan aka ƙulla wa baƙo tsaraba aka jingina ta da jakarsa, an sallame shi ke nan cikin mutunci, ba sai baki ya furta ba. Ni kuwa da na ji an ce abin miya, sai na ce Allah sarki, Inna ta maida ni 'yar gida, so take ta ci girkina. Na ɗaura zani, na kwance ledar nan, na kaɗa miyar kuka tukunya guda, har da man shanu, na tuƙa tuwon masara na raba wa gida kaf.

Inna ta kai loma, ta daɗe tana kallon kwanon.

"Ikon Allah. Na haura sittin, yau na ga abin da ban taɓa gani ba."

"Ta yi daɗi, Inna?"

"Ta yi, 'yar nan. Ta yi ƙwarai."

Har washe baki na yi.

Daga nan ne na fara sa ido a kan abin da ya kawo ni, wato auren. Abin da na gani kuwa ya karya mini gwiwa. Mannir ba ya shigowa ɗakin matarsa. A zaure yake cin abinci. In yana son hula ko caja, daga bayan labule zai ce, "A miƙo mini," hannu kawai za ka gani. Idanunsa kullum ja, yana tafe yana sosa wuya, fuska ba walwala. Wannan shi ne Mannir ɗin da ya riƙa yi wa Najiba waƙa a waya har muna yi mata tsiya? Ita kuma kullum ƙara shiru take. Ran nan na same ta a bayan madafa tana share ido.

"Najiba, kuka kike?"

"Hayaƙi ne."

Wutar ko hurawa ba a yi ba.

Sai na ce a raina, ashe haka ne. Ashe duk zumar a waje take, ana shiga ciki sai maɗaci. Kuma ta yaya zan tafi in bar aminiyata cikin wannan hali, a ƙauyen da ba ta da kowa? Na ƙara zama. Wallahi don tausayinta na ƙara zama, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu.

Gidan babu sabis sai an kifa turmi a jikin katanga an hau. Kullum bayan la'asar nan nake tsayawa, hijabi na kaɗawa, waya a sama kamar mai roƙon ruwa. Saƙonnin Mahadi su shigo a jere.

Na rana ta uku: "Ranki ya daɗe, Funtuwa ta yi duhu. Yaushe za a dawo mana da wuta?"

Na rana ta shida: "Amatu, ziyarar ta isa haka. Ki dawo gida."

Na rana ta tara: "Don girman Allah ki dawo."

Raina ya ɓaci. Na rubuta masa, "Tun ba a raba goro ba ka fara yi mini iyaka da ƙawayena?"

"Ba don ni ba ne."

"Don wa?"

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina gani. Can ya turo: "Ba ni da bakin faɗa. Ki dai dawo."

Na ce ka ji, halin maza duk ɗaya. Ga saƙon muryar Umma ya biyo baya: "Amatu, goron mutane ya fara yaushi, kullum sai na yayyafa masa ruwa. Abbanki ya ce ran Juma'a yake son amsa, ko a raba ko a mayar. Kuma wace irin baƙuwa ce ke? Gidan ubanki ne?"

Ran Laraba, kwanana goma sha ɗaya, muna zaune a tabarma ni da Najiba muna gurzar masara, na kasa daurewa.

"Tsakaninki da Allah, kina jin daɗin auren nan?"

Ta daɗe tana murza totuwa a hannu.

"Ina ji... da."

"Da?"

"Amatu, bar maganar."

"In dai wata biyar ya isa a koma haka, ni kam na fasa. Gara in zauna gaban Umma ta yi ta gori."

Ta ɗago da sauri kamar za ta yi magana, sai Inna ta yi gyaran murya daga ƙofar ɗakinta. Najiba ta maida kai ƙasa.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na ɗauki waya na rubuta wa Mahadi. Har yanzu na haddace shi: "Mahadi ka yafe mini. Kai mutumin kirki ne, ba ka yi mini komai ba. Amma na ga aure da idona, ba zan iya ba. Gobe zan ce wa Abba a mayar da goro. Kar ka kira ni, zan yi kuka." Na danna. Ɗan agogon nan ya fito a gefe, alamar bai tafi ba, tunda a ɗaki nake. Na ce in an karya kumallo zan hau turmi in sake shi. Na jefa wayar a jaka, na kwanta ina jiƙa filon Najiba da hawaye.

Da hantsi muna shan koko a tsakar gida, Inna ta miƙo mini kwano.

"'Yar nan, shiga ɗakin buhuna ki ɗebo mini dawa."

Najiba ta miƙe zumbur. "Inna, kawo in je."

"Zauna. Ita ma ai 'yar gida ce yanzu, ta san ko'ina."

Ɗakin yana can ƙarshen gida, ban taɓa shiga ba. Na tura ƙyauren langa-langa. Buhunan masara da dawa har rufi, zafi kamar tanda, ƙaiƙayi na yawo a cikin hasken da ya ratso ta huji. Take jikina ya fara tsikari. Na sunkuya zan kwance buhu, sai idona ya faɗa wani ɗan lungu tsakanin buhuna da bango. Tabarma a shimfiɗe. Guntun maganin sauro a kan murfin gwangwani. Tarkon ɓera. Jallabiya a rataye jikin ƙusa. Da filo ɗaya mai rigar fure-fure.

Na san filon nan. Ni na taya shi a kasuwa. Kwana nawa ina ganin uku a kan gado, ban taɓa tambayar ina na huɗun ba.

Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Jan idon, susar wuyan, hannun da ke miƙowa ta labule, duk suka dawo mini lokaci ɗaya. Mutumin nan ba shi da wata turaka. Ɗakin da nake baje kolina, ina barci har da juyi, shi ne ɗakinsa. Kunya ce ta hana shi taka inda ƙawar matarsa take kwance. Auren da na zauna ina yi wa kallon gawa, ni ce na zauna masa a wuya.

Ban san yadda na dawo tsakar gida ba. Na durƙusa gaban Inna, na kasa ɗaga kai.

"Ina dawar?" ta ce.

"Inna, me ya sa ba a faɗa mini ba?"

"An faɗa miki, 'yar nan. Na ce zo ɗakina, kika ce ƙafarki ƙafar Najiba. Na ƙulla miki tsaraba, kika kaɗa mana miya da ita. To da me ya rage in yi magana, da ganga?" Ta gutsiri goro. "Baki ba ya korar baƙo a gidan nan, tun zamanin mai gidan. Amma ko a addini liyafa kwana uku ce. Kuma wannan yaron," ba ta kama sunan Mannir, ɗan fari ne, "ƙaiƙayi ya kusa cinye mini shi."

Na juya wajen Najiba. Ta rufe fuska da gefen ɗankwali, kafaɗunta na rawa, na kasa gane kuka take ko dariya. Ashe duka biyun ne.

"Ke ma kin iya yi mini shiru? Ni?"

"Da wane bakin zan ce ki tafi? Ke kika riƙe mini mayafi ran da aka kawo ni gidan nan. Ke kaɗai kika tako tun daga Funtuwa don ki gan ni. Shi ma ya ce in na faɗa miki bai yafe ba, ya kuma sa Mahadi ya rantse ba zai faɗa miki ba."

"To kukan bayan madafa fa?"

Ta sauke ɗankwalin, ta harare ni da jajayen idanu. "Kewar mijina nake, malama. Yana gida ɗaya da ni sai dai in ga hannunsa. Kin san duk sanda kika hau turmin nan addu'a nake Allah ya sa sabis ya zauna? Lokacin kaɗai nake zagawa mu gaisa. Wata biyar da aure na koma zance a ɗakin buhuna, ina leƙen ko kin sauko."

Inna ta tuntsire da dariya har goro ya sarƙe ta. Ni ma dariyar ta kubce mini cikin kuka, na faɗa jikin Najiba ina cewa ki yafe mini, tana dukan bayana tana cewa Allah ya shirye ki, Amatu.

"Da kika ce da kina jin daɗi..."

"Kafin ki zo nake nufi, uwar 'yan bincike. Kuma in kin tafi zan ci gaba daga inda na tsaya."

Ko minti ashirin ban ƙara ba na haɗa jakata. Mannir ya shigo daga gona, ya ga jaka a tsakar gida, ya kasa ɓoye haƙoransa, amma ya daure ya ce, "Ƙawar amarya, har za a tafi? Ai ba mu gaji ba, a ƙara ko kwana biyu mana."

"Kai, rufe mana baki," in ji Inna. "Wannan in ka faɗa zama za ta yi."

Na ce, "Mannir, ka yafe mini."

"Ba komai wallahi. Ni da ɓerayen har mun saba, ɗaya ma na raɗa masa suna."

Inna ta fito da ƙulli biyu, kowanne an ɗaure shi da tsumma tamau. "Wannan karon sai da wuƙa za ki kwance. Babban na mahaifiyarki. Ƙaramin daddawa ce, ki kai wa Hansai uwar Mahadi, tare muka yi 'yanmatanci, ba ta cin ta kowa sai tawa. Hannu da hannu, ban ce ki aika ba."

"Inna, ni ban taɓa zuwa gidansu ba. Da kunya."

"Yau kika san kunya?"

A kan acaɓa iska na dukan fuskata, gonakin auduga sun yi fari dama da hagu, ni kuwa zuciyata wasai. Ina ta tsara yadda zan durƙusa gaban Abba in ce a raba goro. Har murmushi nake ni kaɗai, ina hango Najiba tana mayar da filo na huɗu wajensa.

A Maska na shiga motar Funtuwa, muka zauna jiran mutum biyu. Can na ji jakata tana zuga a kan cinyata, saƙonni na shigowa. Sai a sannan na tuna.

Na zaro wayar da sauri. Agogon nan babu shi. Tun a hanya, inda sabis ya fara kamawa, saƙon ya tafi abinsa. Alama biyu, shuɗaye, ya karanta ke nan. A ƙasa kuma amsar Mahadi, layi ɗaya, ba tambaya, ba roƙo:

"To Amatu. Allah ya sa haka shi ya fi alheri."

Na kira. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira, a kashe. Ni na ce kar ya kira ni, shi kuma mutum ne da bai taɓa tsallake maganata ba. Matar da ke gefena da kwandon kaji ta dube ni ta ce, "'Yammata, rasuwa aka yi?" Na girgiza kai.

Gobe Juma'a. In Mahadi ya riga ni gaya wa Baffansa, magana ta shiga hannun manya, kuma abin da manya suka kwance ba yarinya ke ƙulla shi ba. Na dubi cinyata. Ƙullin Inna ƙarami yana nan, warin daddawa na fitowa ta tsumma. Hannu da hannu, ta ce.

Da muka shigo Funtuwa yaron mota ya ce, "Hajiya, tasha ko?" Hanyar gidanmu ke nan. Na goge fuskata da hijabi, na ce a sauke ni a kwanar gidan su Mahadi, gidan da sau ɗaya ya taɓa nuna mini daga nesa, mai koren ƙyaure da bishiyar darbejiya.

Babur ɗinsa yana jingine a ƙofar. Kusa da shi akwai wani tsohon babur mai jan tanki, wanda na taɓa gani sau ɗaya a ƙofar gidanmu, ranar da Baffansa ya kawo goro.

Na rungume daddawar a ƙirjina, na yi wa kaina alkawarin ko ruwan da za a kawo mini ba zan tsaya shanyewa ba, maganata kawai zan faɗa in tashi. Sannan na taka zauren, na yi sallama.